Tattasan Madam Bilyana

Riyad, Nuwamba 2014

Zuwa ga Gwaggo Kaltume,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ƙafar kuma da sauƙi.

Gwaggo, muna cikin damuwa. Kin san Baba direban wani injiniya ne ɗan Masedoniya, Mama kuma tana taya matarsa, Madam Bilyana, girki. Ashe a ƙasarsu da allura ake jera jan tattasai a zare, a rataye a inuwa ya bushe. In sanyi ya shigo sai a jiƙa shi a ruwan zafi, a ɗura masa shinkafa, a gasa a kasko. Madam tana da jeri guda, wanda mahaifiyarta ta haɗa mata kafin ta rasu. Mama ta gan shi yana shan ƙura a baranda, ta sauke, ta daka da citta da kanumfari, ta miƙa mata yaji a kwalba tana murmushi.

Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka kawo buhun barkono mai zafi, ta ce Mama ta jera shi duka, ba safar hannu, sannan a yi maganar sabunta iƙamar Baba, wato takardar izinin zamanmu a ƙasar. In ba a sabunta ba, ba zan zauna jarrabawar ƙarshe ba.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Kamila

Riyad, Janairu 2015

Gwaggona,

Ina gaisuwa, ina gaida Kaka. Yaya sanyi?

Mama ta gama jera barkonon. Yatsunta sun kumbura, ko alwala sai da hawaye. Na roƙa in taya ta, Madam ta ce ba ni na daka ba.

Ranar bikinsu na shekara Madam ta kira mu gaban baƙi, ta ɗaga jeri ɗaya ta ba su labarin yajin, suka yi ta dariya. Sannan ta ce wannan barkonon ƙanana ne, ba ya ɗuruwa, kuma ta sani tun farko. Ta sa Mama da kanta ta kai shi shara. A bakin ƙofa muka tarar da wani yana goge motar da Baba ke tuƙawa. Ya gaida Baba da ladabi, ya ce tun watan jiya aka ɗauke shi aikin direba. Iƙamar dai ba a sabunta ba, gida za mu dawo.

Mama ta ce in tambaye ki ko ɗakin bayan gida babu kowa. Ni kuma ki bincika mini, ko akwai makarantar da ke karɓar ɗaliba a tsakiyar shekara.

Sai mun iso.

'Yarki,
Kamila Sha'aban