Ramin Katin Kyamara

Jekadafari, Gombe
Yuni, 2013

Adda Kadijatu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina yara da Malam Bamanga? Tun da aka yanke layin waya a wajenku nake ta kira, ko da na san ba zai shiga ba. Shi ya sa na ba Yuguda mai mota wannan takarda.

Aiki bai samu ba tukuna. Gidan shiru, ni kaɗai nake cin abinci a tsakar gida. Na ɗauko tsohuwar kwamfutar yayanmu Hamma Jibrilla don rubuta takardun neman aiki, amma kafin ta tashi shayi ya huce. Don haka ina sake haɗa mata kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da ita. Kanel yakan zo da dubban direbobi, ƙananan manhajoji da kowanne ke magana da na'ura ɗaya: firinta, sikana, har da waɗanda ba mu taɓa gani ba. Ina cire waɗanda ba ta buƙata, kuma sai na karanta bayanin kowanne sau biyu kafin in taɓa shi.

Ɗakin Hamma yana nan yadda ya bar shi ranar da ya tafi ɗaukar hoton biki a Buni Yadi. Ina share shi duk Juma'a.

Ƙaninki,
Safiyanu

Biu

Safiyanu,

Wa alaikassalam. Muna lafiya, sai dai zaman ɗar-ɗar. Na karanta zancen kanel ɗinka, abin da na gane kawai shi ne ba ka cin abincin kirki.

Saurara. Maƙwabciyata Lami an kashe mijinta, ya bar ta da yara uku, tana son barin garin nan. Na ce mata akwai ɗaki a gidanmu. Ka san wanda nake nufi, sauran yoyo suke yi. Shekara ta wuce, ƙanina, ba labarinsa. In ka amsa, Yuguda zai taho da su.

Allah ya tsare,
Addarka

Jekadafari

Adda,

Sallama da fatan alheri. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa.

Na gaji da bin direbobin kwamfutar ɗaya-ɗaya, sai na yi amfani da wani umarni da ke duba abin da kwamfuta take aiki da shi a lokacin, ya riƙe direbansa, ya zubar da sauran. Ta yi sauri ƙwarai. Jiya idona ya kai kan ramin da Hamma yake sa katin kyamara a gefenta. Na ari kati wurin Ja'afaru mai shagon waya, na sa. Shiru. Ranar da na ba da umarnin babu kati a ciki, don kyamarar tana tare da Hamma, sai umarnin ya ɗauka ba a buƙatar direban ramin. Bisa ƙa'idarsa bai yi kuskure ba. Ina zaune ina kallon ramin har aka kira la'asar.

In Hamma ya dawo gobe, ya sa katinsa kwamfutar ba ta karanta ba, ya leƙa ɗakinsa ya ga baƙi, me zan ce masa?

Ki gaishe da kowa,
Safiyanu

Biu

Safiyanu,

Sallama. Ka ce masa Adda ce ta sa. Kai ma ka san Jibrilla. Ba shi ne ya koma zaure da damina, sauro na cin sa, saboda baƙon da ko sunansa bai tambaya ba? Yaran Lami a ƙarƙashin gado suke kwana saboda ƙarar bindiga. Yuguda zai tashi Asabar. Ina jiran amsarka.

Addarka

Jekadafari

Adda,

Assalamu alaikum. Sun iso lafiya. Ƙaramar, Bashira, har ta fasa mini kofin shayi, kuma yau mu biyar muka ci tuwo.

Kayan Hamma suna ɗakina cikin akwati biyu. Ban bayar da ko hula ba.

Na sake haɗa kanel ɗin, na mayar da direban katin. Bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Na gwada, yana aiki.

Allah ya sada mu da alheri,
Safiyanu