Na Tare Ƙofa, Ba Za a Kai Mijina Achika Ba

Anti Saudatu, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Mijina Lukman yana fama da ciwon daji a wuya. Ni da na taso da littattafan soyayya, na ɗauka jinya ita ce ki riƙe hannun masoyi kina ba shi kunu, a babin ƙarshe ya miƙe. An yi ta yi masa ƙarin ruwan magani a Kano, gashinsa ya zube, ya rame, kumburin kuwa ko gezau. Likita ta zaunar da ni ta ce kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da wani sinadari mai suna furotin da ke umartarta ta mutu idan ta lalace, kuma wannan umarnin ne maganin yake tayarwa. To ƙwayoyin ciwonsa sun tara wani furotin da ke toshe umarnin. Za a sauya magani.

Da na kawo bayanin gida, Inna, mahaifiyarsa, ta ce abin da ya ƙi mutuwa ai iska ce, ba na asibiti ba. Yayansa Yahuza ya samo mota za a kai shi garin Achika wajen mai maganin gargajiya. Na tsaya a bakin zaure na ce ba inda za shi. Yanzu marar kunya ake kirana. Su yi ta faɗa. Gobe ma zan tsaya.

Mai Jiran Babin Ƙarshe, Wudil

’Yata, bayanin likita kin riƙe shi daidai. Ƙin jin maganin farko abu ne sananne, shi ya sa ake sauyawa, kuma jinkiri ciwon yake yi wa amfani. Kada a fasa asibiti.

Amma Inna ba abokiyar gabarki ba ce. Uwa ce da ta ga ɗanta yana ƙarewa. Ki durƙusa ki ba ta haƙuri kan ɗaga murya, ba kan matsayinki ba. Ki roƙi Yaya Yahuza ya raka ku ya ji daga bakin likita. Addu’a a yi ta a gida, jiƙe-jiƙe kuwa kada ya sha sai likita ta sani.

Abu ɗaya ya rage. Na karanta wasiƙarki ban ji abin da Lukman yake so ba. Jikinsa ne. Ki bar bakin zaure ki shiga ɗaki ki tambaye shi, domin kalma ɗaya daga bakinsa za ta tsayar da motar nan fiye da tsayuwarki.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya ƙara miki juriya.