Rasuwar Uwar Bene da Makomar Matakalarta

Cikin alhini da zuciyar da ta kasa zama wuri ɗaya, Ƙungiyar Kare Tsofaffin Gine-ginen Birni ta sami labarin rasuwar uwarmu kuma jigo a cikinmu, mai girma Hajiya Babba, mai tsohon otal ɗin bakin tasha, wadda duk gari ya fi sani da Uwar Bene. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Marigayiya ta gaji otal ɗin daga mahaifinta, ta kuma riƙe shi yadda ta same shi: dogayen tagogin katako, barandar da ta zagaye bene, da faffaɗar matakalar nan mai lanƙwasa wadda ƙafafun baƙi suka lotsa tsakiyarta. Da aka ba ta shawarar a sare matakalar a sa lif, wato na'urar hawa bene, ta ƙi ƙememe, alhali ita ce mai ciwon gwiwa. Sai ta sa aka ajiye mata kujera a inda matakalar ta karya kwana. Nan take hutawa, nan kuma take tsare mu da faɗa in muka yi sanyin jiki wajen aiki. Mun sha faɗan nan har mun ƙoshi, ga shi yau shi muke kewa.

Ba za mu ɓoye wa jama'a ba, hankalinmu a tashe yake. Tun masu gaisuwa ba su watse ba aka ga wasu mutane da igiyar awo suna zagaya ginin, suna shafa jan fenti a bango. Ba mu san wanda ya aiko su ba, kuma ba mu zargi kowa ba. Amma mun taɓa ganin irin wannan fenti a jikin tsohon gidan silima, kuma kowa ya san motoci ake ajiyewa a wurin yanzu.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga babban ɗanta, Alhaji Manaja, da ƙannensa, da jikoki, da ma'aikatan otal baki ɗaya. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba iyalanta haƙurin jure wannan babban rashi. Gado nasu ne, ba mu da ta cewa sai roƙo: kafin a yanke wa ginin nan hukunci, magada su hau matakalar sannu a hankali, yadda mahaifiyarsu take hawa. Kujerarta tana nan a kwana, har yau an rasa mai ƙarfin zuciyar ɗauke ta.

Sa hannu:
Malam Dogo,
Kakakin Ƙungiyar Kare Tsofaffin Gine-ginen Birni.