Kocin Najeriya Ya Ɗauki Dogona

Laraba, bayan isha'i

Na wuni ina cirar gyaɗa, bayana kamar zai ɓalle. Da yamma na hau dakalin masallaci inda sabis ke kamawa, na buɗe wasan ƙwallon kwandon da nake riƙe da ƙungiya a waya. Sai ga saƙon mai horar da Najeriya a wasan, wanda na'ura ce ta ƙirƙire shi: ya ɗauki dogon ɗan wasana. Wata bakwai ina koya masa tsaron gida, ana ta lallasa mu saboda shi.

Na gaya wa matata Hauwa. Ta ce, "Malam, mutumin nan dai babu shi a duniya ko?"

Na ce babu.

Ta ƙaro min tuwo. "To, Allah ya ba shi sa'a."

Na amsa amin, da gaske kuwa.