Hoton da Aka Yi wa Ƙasan Kunnena

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Bayan gaisuwa mai ɗimbin yawa, ina fatan Inna da yara suna cikin ƙoshin lafiya. Ni ma ƙalau nake, in ban da bushewar baki da ta sa sai da ruwa nake haɗiye loma.

Jiya a asibiti aka yi mini hoton ƙasan kunnuwa, inda yawu ke fitowa. Ma'aikaciyar tana goga na'ura tana raha, kwatsam sai ta auna wuri guda sau uku, ta ce, "Ba komai." Mai digiri irina ba a sallamarsa da "ba komai", don haka na titsiye likita. Ya ce wataƙila garkuwar jikina ce take yaƙata, ya kuma tambaya ko akwai mai irin wannan larura a gidanmu.

Yaya, wata uku ke nan duk sanda na kira sai ku ce muryar Inna ta dushe, ba za ta iya magana da ni ba. Shin ita ma bushewar bakin ce take damunta? Gamsasshen bayani nake buƙata, ba kwana-kwana ba. Jibi zan koma wurin likita. Don Allah kada ki bari in tsaya gabansa in ce ban san halin da mahaifiyata take ciki ba.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Autan Inna