Inna Ba Ta Yi Takaba Ba

Talata, 8 ga Oktoba, 2024
Baba ya sake tambayata yau, muna dawowa daga asibiti: "Sauda, kin samo inda aka binne Dikko?" Mahaifinsa ke nan, wanda ya tafi yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, Baba yana goye, aka ce can ya mutu. Likita ya ce zuciyar Baba ta gaji. Ni ma tawa ta kusa. Ina tsoron ya tafi ban ba shi amsa ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Tsohuwar ƙidayar garinmu da aka turo min daga Kaduna ba ta amfane ni da komai ba. Masu gida kawai Bature ya rubuta, sai ka ce sauran mutane kaji ne.

Litinin, 14 ga Oktoba
Shiru. Takardar sojan Dikko da na nema ba ta zo ba.

Laraba, 16 ga Oktoba
Takardar soja ta iso. Sunan garinmu, zanen fuskarsa, duk daidai, shi ne. Bai mutu a Bama ba. An sallame shi lafiyarsa ƙalau a 1946, ya ba da adireshin zangon Kumasi.

Wato dai gudu ya yi. Inna, kakata, ta ƙare ƙuruciyarta tana dakan kuɗi, shi yana can yana cin goro! Haushi ya hana ni cin abinci. Abdulhakeem ya ce, "Khalas, shi ke nan, kada ki faɗa wa Baba." Miji ke nan, komai a wurinsa mai sauƙi ne.

Asabar, 19 ga Oktoba
Na ce wa Baba ba a turo ba tukuna. Ya dube ni kawai, na tsere kicin.

Talata, 22 ga Oktoba
Da la'asar na tura Baba a kekensa na marasa lafiya muka zaga unguwarmu ta Thumama, nan ƙasar Larabawa. Jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa, ya bi shi da ido, ya ce, "Ya dawo da ransa ko?"

Na tsayar da keken. Na tambaye shi wa ya gaya masa.

"Inna ba ta yi takaba ba. Kin taɓa ganin matar mamaci da lalle a wata na farko? Tun ina yaro maƙwabta ke faɗa, na yi kamar ban ji ba."

Na ce to me ya sa ya sa ni neman kabari?

"Ko a ina ya mutu ai yana da kabari, 'yar nan. Wataƙila kuma ina da ƙanne."

Na yi kuka a titi, ba kunya.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Ban yafe wa Dikko ba, kada ma wani ya zata. Na dai roƙi Moro, abokin aikin Abdulhakeem ɗan Kumasi, ya samo min lambar limamin zangonsu. Baba ya sa na goge masa babbar rigarsa, wai ko za a kira ta bidiyo.

Na goge har da hular.