Baba Nomau ya samu ɗaki

Yaya Usmanu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Jidda? Yaya Hajiya Rabi da yara, ya ƙafar taka? Mu nan Mai Wurno lafiya lau, Inna ma ta samu sauƙi.

Albishirinka, Baba Nomau ya bar tashar motocin Sinnar. Ka san tunda ruwan kogi ya ci gidansa can yake kwana bisa kwali, mutane na cewa taɓaɓɓe ne, wasu su ce shi ya so. Ni kaina na faɗa, Allah ya yafe mini.

Da ɗiyarka Asiya ta sa hotonsa a gurub na wasap, ku na waje kuka fara turo gudunmawa. Sai kunya ta kama mu na gida. Ran Asabar aka yi nafir, gayya sosai, don gina masa ɗaki: maza na kwaɓa ƙasa, mu muna tuƙa tuwon asida. Har Alhaji mai shago, wanda ke korarsa daga inuwar rumfarsa, ya zo da ƙyaure a kai.

Da na kai masa shayi a sabon ɗakin, ya yi godiya, sannan ya ce, "Hauwa, shekaru kuna wuce ni da ƙafa ba ku gan ni ba. Sai da na shiga waya kuka gan ni."

Yanzu kullum kwanonsa nake fara zubawa.

Ka sa mu a addu'a in ka je Harami. Gai da kowa.

Ƙanwarka,
Hauwa